Inuwar da ke cikin hoto, ta wa ce?

Abu biyu ake nema ga irin jel ɗin da muke haɗawa, wanda ake kira haidirojel, kuma biyun ba sa ga maciji da juna. Ana so idan an zuba shi a jikin mutum likita ya gan shi a hoton radiyo, wato hoton X-ray, ya san inda ya sauka da yadda ya baje. Ana kuma so idan ya gama aikinsa ya narke ya fita da kansa, ba sai an sake tsaga mutum don a ciro shi ba. Duk abin da na koya, tun daga sitaj, wato koyon aikin da na yi a waje, har zuwa aikin da muke yi yanzu a nan Maraɗi, tsakanin waɗannan buƙatu biyu yake kai da komo.

Wanda bai taɓa ganin haidirojel ba, ya tuna romon ƙafar sa da ya kwana a lokacin ɗari. Da safe za ka tarar ya daskare, yana rawa, ana yanka shi da cokali, alhali kusan dukansa ruwa ne. Abin da ya riƙe ruwan dogayen zaruruwa ne na jelatin da suka sarƙe suka zama raga. Haidirojel na asibiti ma haka yake, sai dai mu muke zaɓar zaren, mu kuma muke ƙulla shi yadda muke so, ya riƙe ruwan da ya kai kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ko ma fiye. Masana biyu na birnin Firag, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, su suka fara bayyana irin wanda aka ƙera don jikin mutum a 1960, kuma daga aikinsu ne aka samu tabarau mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido. Nasu ba ya narkewa, ba a kuma so ya narke. Namu dole ya tafi.

Me ya sa za a zuba irin wannan a jiki? Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na gashin daji da haske. Ƙululun furostat da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji manne yake da dubura, don haka hasken da aka auna shi da shi yakan ƙona hanji ma. Akwai wani jel mai suna SpaceOAR, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015. Da allura ake tura shi tsakanin gaɓoɓin biyu, ya raba su da kimanin santimita ɗaya. Yana tsayawa wajen wata 3, daidai lokacin da ake gashi, zuwa wata 6 jiki ya shanye shi. Misali na biyu ya fi kusa da mu, wato matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Tun 1979 likitoci suke zura siririn bututu ta jijiyar cinya, su toshe jijiyoyin mahaifa da gutsattsarin soson jelatin. Jini ya tsaya, bayan ƴan makonni toshiyar ta narke, hanya ta buɗe, mahaifa ta tsira. Duk wanda ya taɓa kwana jinya a ɗakin haihuwa a ƙasar nan ba sai an gaya masa darajar wannan ba.

Matsalar ita ce jikin mutum ruwa ne, jel ma ruwa ne. Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895 babu ruwansa da taushi ko tauri. Abin da ke tare shi nauyin ƙwayar zarra ne da yawan abin da ke kan hanyarsa. A jerin sinadarai haidirojin lambarsa 1, kabon 6, oksijin 8, kuma galibi da su aka gina tsoka da jini da jel. Ƙashi yana fitowa fari ne saboda kalsiyam mai lamba 20. Da yake ƙarfin haɗiye hasken yana hawa ne kusan da ninkin lambar da kanta har sau uku, sinadari mai babbar lamba kaɗan ake buƙata ya yi inuwa: aidin 53, bariyam 56, tantalam 73, zinariya 79. A na'urar sikana ana auna wannan da ma'aunin Hounsfield, sunan injiniyan Ingila da na'urarsa ta ɗauki hoton kan majinyaci na farko a 1971. Iska tana kan -1000, ruwa 0, tsoka wajen 40 ko 50, ƙashi mai tauri sama da 1000. Jel tsura yana maƙale can tsakanin ruwa da tsoka, inda ido ba ya raba su. Likita ya tura abu a jikin mutum, ya ɗauki hoto, bai ga komai ba.

Hanyar da kowane ɗalibi yake fara tunani ita ce mafi sauƙi: a ɗauko ruwan aidin da ake yi wa majinyata allura kafin sikana, irin su iyoheksol, a kwaɓa jel ɗin da shi. Hoton farko yakan yi kyau ƙwarai, fari fes, har mutum ya ji kamar ya gama. Amma ƙwayar iyoheksol ƙarama ce, faɗinta wajen nanomita ɗaya, ramukan ragar kuwa sun ninka haka sau da yawa, kuma babu abin da ya ɗaure ta da zaren. Tana cuɗanya da ruwan jiki sai ta zurare, jini ya kwashe ta, ƙoda ta tace ta. Dama don ta fita da sauri aka yi ta: a mutum mai lafiyayyar ƙoda rabinta yakan bar jini cikin kamar awa 2, kafin kwana ɗaya mafi yawanta tana cikin fitsari. Washegari a sake hoto, babu inuwa. Jel ɗin kuwa yana nan daram, bai ko fara narkewa ba.

A nan ne na fahimci abin da har yau shi ne gindin aikina. Inuwar da likita yake gani ba ta jel ba ce, ta aidin ce. Shi kuwa likita yana karanta ta ne a matsayin labarin jel, ya yanke hukunci a kai: a ci gaba da gashi ko a dakata, a ƙara toshewa ko ya isa. Idan aidin ya tafi jel ya tsaya, hoto ya yi masa ƙarya. Akwai kuma ƙarya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko muni, domin ba ta da alama. Ita ce ta gari. Idan aka barbaɗa garin bariyam salfet ko na tantalam a cikin jel, ba ya zurarewa, saboda ƙwayoyinsa sun fi ƙarfin ramukan. Sai jel ya narke ya tafi, garin ya tsaya a wurin, yana ta yin inuwa wata da watanni. Likita ya duba ya ce abin yana nan. Da garin tantalam ake haska Onyx, ruwan da ake toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da shi, kuma a can babu laifi, tunda shi ma Onyx ɗin zama ya zo yi har abada. Amma a abin da aka ce zai narke, gari baƙo ne da ya ƙi tafiya bayan an watse. Ƙananan ƙwayoyin zinariya da ake yayi yanzu su ma haka ne: waɗanda suka wuce nanomita 5 ko 6 ƙoda ba ta iya tace su, hanta da saifa ne suke tara su.

Abin da ya rage shi ne a ɗaure aidin ɗin a jikin zaren kansa, ɗauri na sinadari, ta yadda ba zai tafi ba sai guntun zaren da yake kai ya tsinke. Galibi ana amfani da zoben benzin mai ɗauke da aidin uku, wanda shi ne ma ƙashin bayan magungunan sikana na zamani. Wani sinadari mai irin wannan zobe, da muke kira TIBA, kashi 76 cikin ɗari na nauyinsa aidin ne. Da irin wannan dabara aka fito da SpaceOAR Vue, mai aidin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari. Kamar kaɗan ne, amma lissafi ya nuna ya isa: a sikana mai aiki kan kilovolt 120, kowane miligiram na aidin a mililita yana ƙara wajen 25 a ma'aunin Hounsfield, don haka miligiram 10 sun ɗaga jel nesa da tsoka.

Sai dai zoben nan ba ya son ruwa, kuma daga nan rigima take farawa. Da zarar ka rataya shi a zaren, jel ɗin ya rage shan ruwa, ya ƙanƙance, ya yi tauri. Ruwa ne kuwa yake tsinka ƙullin estar, wani irin ɗaurin sinadari da muka sa don jel ya narke, don haka idan ruwa ya rage shiga, narkewa ta ja baya. Idan kuma zaren na jelatin ne ko na hayaluronik, waɗanda enzayim ɗin jiki, wato sinadaran da jiki ke narka abubuwa da su, ne ke yanka su, to zoben yakan tare wa enzayim wurin da zai kama. Ka ƙara aidin don hoto ya fito, abin da ka shirya wa wata 3 ya zarce. Ka rage ƙulli don ya yi saurin narkewa, ya yi ruwa-ruwa ya malale daga inda aka ajiye shi. Ka ƙara kauri, ya ƙi bin allura, hannun likita ya gaji da danna sirinji. Malamar da na yi sitaj a hannunta ba ta yarda ɗalibi ya taɓa abu ɗaya a haɗi sannan ya auna abu ɗaya kawai. Ko gishiri ka sauya, sai ka sake auna kumburi da tauri da narkewa da inuwa. A lokacin ina ganin takura ce. Yanzu haka nake yi wa ƙannena da ke aiki tare da ni, su ma suna ta ƙunƙuni.

Kalmar nan ta ya narke ma ba ta gama magana ba. Abu ba ya ɓacewa a jiki, wani wuri yake zuwa. Guntayen PEG, wani zaren da ake ƙerawa don haɗa jel, idan ƙanana ne suna bin fitsari, amma idan nauyinsu ya wuce dalton dubu 30 zuwa 50, a ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari, ƙoda takan sha wuya da su, don haka tun ranar zaɓen zare ake tunanin girman guntun da zai rage a ƙarshe. Aljinet da ake samu daga ciyawar teku yana da daɗin aiki, kalsiyam kaɗan ya daskarar da shi, amma jikinmu ba shi da enzayim da ke yanka shi: warwarewa yake yi, zaren yana nan da tsawonsa. Wasu sukan ce a ƙulla shi da bariyam maimakon kalsiyam, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga ƙarfi ga inuwa. Ni ba na taɓa wannan. Bariyam salfet da ake ba mutum ya sha kafin hoton hanji ba ya cutarwa ne kawai don ba ya narkewa. Bariyam da ya narke guba ne, yana rikita fotasiyam na jini har zuciya ta tsaya. A 2003 a Burazil mutane sun mutu bayan sun sha ruwan hoton da ya gurɓata da bariyam mai narkewa a ciki.

Shi kansa aidin sai da lura. Muddin yana ɗaure a zobensa, fitsari ne makomarsa. Idan ya kuɓuce, ƙululun tayirod da ke wuya shi ke kama shi. Babban mutum maikirogiram 150 yake buƙata a rana, jel ɗaya kuwa yana iya ɗauke da miligiram gommai, ya kuma zauna a jiki watanni. A ƙasar da har yanzu ake ganin masu maƙoƙo a karkara wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin wanda ya daɗe cikin ƙarancin aidin, idan ya samu mai yawa farat ɗaya, ƙululun yakan iya zabura ya yi aiki fiye da kima. Takardun da ake rubutawa a Turai sukan ba wannan layi ɗaya su wuce. Mu ba mu da wannan damar.

Darasin da babu wanda ya koya mini a waje, a nan gida na same shi, wajen wani dattijo da ya tsufa a ɗakin radiyo. Na kai masa jel a ƙananan kwalabe, jere, kowace da nata yawan aidin. Ya ɗauka, suka fito raɗau. Ya juya hoton a hannunsa ya ce, "Ɗana, wagga ai kwalba ce. Majinyaci da nama da ƙashi yake zuwa." Na ce, "To Baba, yaya za mu yi?" Sai ya aike ni wajen mahauta. Na sayo cinyar sa da ƙashinta, muka tura jel ɗin can cikin naman da allura, muka ɗora robar ruwa a kai don ta yi kaurin cikin mutum. Waɗanda suke da aidin kaɗan duk suka ɓace, wanda ya faɗa bayan ƙashi kuwa ko alamarsa. Dalilin a fili yake idan an tsaya an yi tunani. Sikana yanka jiki take yi falle-falle, tana raba bambanci ƙanƙani. Radiyo tsura kuwa duk abin da ke kan hanyar haske, daga fata zuwa fata, a kan hoto ɗaya take tara shi. Yawan aidin da ya isa a sikana bai kusa isa a radiyo ba. Majinyacin da ya taso daga Dakoro ko Mayahi ko Tasawa kuwa radiyo zai fi samu a kusa da shi. Cibiyar gashin daji da aka buɗe a 2021 tana Yamai, sama da kilomita 600 daga nan.

Shi ne kuma ya nuna mini abin da na karanta a littafi ban taɓa gani da ido ba. Ya sauke injin daga kilovolt 120 da ake ɗaukar ƙirji zuwa wajen 70, sai inuwar da ta dusashe ta ƙara fitowa. Aidin yana da wani gaci a kilo-elektironvolt 33, inda haɗiyar haskensa take tsalle sama, kuma idan an sauke injin yawancin hasken yakan faɗo kusa da wurin. Baba bai taɓa kiran gacin da suna ba. Hannunsa ne ya san inda zai murɗa. Tun daga nan ba na rubuta cewa jel yana fitowa a hoto sai na faɗi a wace na'ura, a kan wane ƙarfi, ta cikin nama mai kaurin nawa.

Sai zafi. Idan takarda ta ce a yi abu a zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 take nufi. A Maraɗi cikin Afirilu da Mayu ɗaki yakan wuce 40. Jelatin da ba a ƙulla ba yana narkewa tun kafin 35, wato a kan tebur zai koma ruwa kafin ya ga allura. Gwajin narkewa ana yin sa ne a digiri 37, zafin jikin mutum, kuma akwatin ɗumin da aka ƙera don haka dumamawa kawai ya iya. A bazara mu sanyayawa muke buƙata. Bambancin ƴan digirori ba wasa ba ne, domin tsinkewar ƙulli da ruwa takan kusan ninka sauri da ƙarin digiri 10. Idan kuran, wato lantarki, ya ɗauke da rana, gwajin makonni yana iya tashi a banza. Yanzu a ƙarshen damina da lokacin ɗari muke dogayen gwaje-gwaje, muna kuma ajiye na'urar auna zafi a cikin ruwan kansa. Haka kuma duk haɗin da ba zai rayu ba sai a firigo, tun a takarda nake soke shi. Shekarar 2022 ma ta koya wa manyan asibitocin duniya wani abu makamancin wannan, lokacin da kullen korona a Shanghai ya tsayar da masana'antar iyoheksol, aka koma ana tsimin kwalba a Amurka.

Tambayar da ake yawan yi mini ita ce me ya hana mu yi da ƙaro. Tambaya ce mai kyau. Ƙaron dakwara zare ne na sukari mai son ruwa, ga shi a kasuwa, duniya tana sayensa tana sa shi a lemo da alewa da magani. Ana kuma iya buɗe zobensa da sinadarin feriyodet ya ƙulla jelatin, a samu jel mai kyau, mun kuma yi. Amma tarihinsa ya sa nake taka-tsantsan. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, William Bayliss na Landan ya kawo dabarar narka ƙaro a ruwan gishiri a yi wa sojojin da suka zubar da jini ƙarin ruwa da shi, aka kuwa yi. A shekarun 1930 aka gano yana taruwa a hanta, aka bar shi. Ƙaron da muke ci ƙwayoyin cutar da ke babban hanji ne suke narka shi. A tsoka ko a jijiya babu su, nauyin ƙwayarsa kuma dalton dubu ɗaruruwa ne, ya fi ƙarfin ƙoda nesa. Ga kuma bambanci daga buhu zuwa buhu, na wannan daji daban na wancan daban. A ganina ƙaro wurinsa saman ciwo ne da cikin hanji, inda yake da hanyar fita. Abin da za a tura cikin nama sai an datse zarensa tukuna, an tabbatar da girman kowane guntu.

Littafin gwajinmu yanzu shafi biyu ne a jere. A ɗaya muna rubuta nauyin jel bayan an busar da shi, a ɗayan hasken inuwarsa ta cikin nama, rana ɗaya, samfuri ɗaya. Idan layukan biyu suka sauka tare, haɗin ya wuce gaba. Idan suka rabu, ko da hoton ya fi kowane kyau, a kwandon shara yake ƙarewa. Wanda ya tsallake kuma sai ya fuskanci kashe ƙwayoyin cuta. Tururin otokilab, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, mai digiri 121 yana tsinka ƙullin estar tun kafin lokacinsa, hasken da ake kira gamma kuwa yana yanka zare, yana kuma iya ɓalle aidin daga zobensa. Abin da ya rage mana shi ne tacewa ta matacin maikiron 0.22, wadda ba ta yiwuwa sai abin yana ruwa. Shi ya sa muka koma haɗin ruwa biyu, kowane a sirinjinsa, a tace su daban, su haɗu a bakin allura su daskare a cikin jiki. Aikin da ke gabanmu a watannin nan shi ne daidaita daƙiƙun daskarewar, kada ta kama a cikin allura, kada kuma ta yi jinkirin da jel zai malale kafin ya tsaya.